Tukunyar Furen da Ta Kusa Rusa Duniya Guda

Yau a filinmu na kimiyya za mu yi magana ne a kan wasannin kwamfuta, waɗanda da yawa cikin manya suke ɗauka shirmen yara ne, alhali kuwa sana'a ce da ke ciyad da dubban masu zane, da marubuta, da injiniyoyi. Irin wasan da muke nufi shi ne wanda Turawa suka taƙaita sunansa da haruffa uku, RPG, mu kuwa sai mu kira shi wasan shiga rigar jarumi. Watau mai wasa yakan ɗauki matsayin wani mutum a cikin labari, ya yi yawo gari gari, ya yi zance da mutane, ya yi yaƙi ko ya yi sulhu, abin da ya zaɓa kuwa shi ke juya akalar labarin. Asalinsa ba a kwamfuta yake ba. A shekarar 1974 ne waɗansu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da Dungeons & Dragons, wanda ake yi a kan tebur da takarda da fensir da 'yan ƙwayoyin jifa masu lamba. Mutum ɗaya ke ba da labari da baki, sauran su zana shi a zukatansu, kamar dai yadda kuke yi yanzu da kuke jin muryata ba ku ganina.

Da wasan ya koma kwamfuta, sai tambaya ta taso wadda har yau masu sana'ar ba su gama amsa ta ba: nawa za a kashe a kan kyan hoto, nawa kuma za a bar wa labari da tsarin wasa? Domin mu gane nauyin wannan tambaya, sai mu san cewa mudu uku ne maginin wasa yake awo da su, kuma ko wane ɗaya yana da iyaka.

Mudu na fari shi ne ƙarfin injin. Abin da ido ke gani kamar motsi a allo ba motsi ba ne, hotuna ne tsayayyu da ake jerawa da sauri, 30 ko 60 a cikin daƙiƙa ɗaya. Ko wane hoto kuwa ɗigo ɗigo aka haɗa shi. Injin Famicom na kamfanin Nintendo, wanda ya fito a Japan a 1983, hotonsa ɗigo 256 ne a kwance, 240 a tsaye, watau 61,440 ke nan. Allon da ake kira 4K a yau ɗigo 8,294,400 gare shi, ya ninka wancan sau 135. In ana son hoto 60 a daƙiƙa, to, lalle injin ya lissafa launin ɗigo kusan miliyan 500 kafin ku ƙifta ido sau biyu. Har wa yau, duk abin da ke cikin wasa mai siffar jiki, ko mutum ne, ko doki, ko kujera, an gina shi ne da ƙananan fuskoki masu kusurwa, galibinsu alwatika, aka lulluɓe su da zane kamar yadda ake yi wa bango yaɓe. Yawan fuskokin shi ne laushin siffa, amma kuma shi ne nauyin aiki a kan injin.

Mudu na biyu shi ne lokacin ma'aikata, gama hannun da ya shafe mako guda yana gyaran gashin gemun wani maƙeri ba shi ne zai gina kasuwar garin a wannan makon ba. Na uku kuwa aljihu ne, wanda ba ya bukatar bayani.

Magabatan wannan sana'a ba su sha wahalar zaɓi ba, domin ƙarancin wuri ya zaɓa musu. A 1986 kamfanin Enix na Japan ya fitar da Dragon Quest, wanda Yuji Horii ya tsara. Wasan duka, da hotunansa da kiɗansa da labarinsa, an cusa shi ne cikin ɗan akwati mai ɗaukar kilobait 64. Hoto ɗaya da kuke ɗauka da wayar hannu ya ninka wannan sau da yawa. Saboda matsi, jarumin ba ya juyawa, ko gabas ya nufa ko yamma fuskarsa na kallon mai wasa. Ɗaya daga cikin jerin baƙaƙen rubutun Japanawa, mai harafi fiye da 40, sai da aka rage shi zuwa wajen 20, aka riƙa ƙirƙiro sunayen dodanni da waɗanda suka saura. Duk da haka wasan ya kama zukatan mutane, har ya zama tushen da sauran wasannin Japan irinsa suka ginu a kai.

Da faifai ya zo, sai wuri ya yalwata. Kamfanin Square ya rabu da Nintendo ya koma wa injin PlayStation na Sony saboda faifai ya fi akwati ɗaukar kaya, a 1997 ya fitar da Final Fantasy VII a kan faifai uku. Dubarar da suka yi a nan abar lura ce. Garuruwa da ɗakuna an riga an zana su tsaf da manyan kwamfutoci, aka ajiye su a matsayin hotuna tsayayyu, sa'an nan aka ɗora 'yan mutane masu ƙirar kwali suna tafiya a kansu. Ido ya sami abin kallo, injin kuwa bai gaji ba. An sayar da fiye da kwafi miliyan 10. Amma wannan nasara ta dasa wani zato a zukatan masu sana'ar, cewa kyan hoto shi ne ke sayar da wasa.

To, ga labarin tukunyar. A watan Satumba na 1997 babu wanda zai ce gidan da ya yi wancan abin mamaki zai yi tuntuɓe da ado, amma haka ya faru bayan shekara 13. A Satumba na 2010 kamfanin, wanda a lokacin ya haɗe da Enix ya zama Square Enix, ya fitar da Final Fantasy XIV, wasan da dubban mutane ke shiga tare ta intanet su zauna duniya ɗaya. Hotunansa ba su da na biyu a irinsa, amma yana tafiya da ƙyar ko a kwamfuta mai tsada, filayensa maimaici ne, abin yi kuma kaɗan. Masu wasa suka watse. Kamfanin ya nemi gafara a fili, ya dakatar da karɓar kuɗin wata, a Disamba kuma ya damƙa aikin ga wani mutum mai suna Naoki Yoshida.

A 2014, a taron masu ƙera wasanni da ake yi a San Faransisko, Yoshida ya nuna wa jama'a hoton wata tukunyar fure da ke ajiye a bakin hanya cikin tsohon wasan. Ya bayyana cewa an gina ta da fuskoki fiye da 1,000, da layi 150 na umarnin da ke gaya wa injin yadda haske zai sauka a kanta, watau daidai da abin da aka kashe a kan siffar ɗan wasa sukutum. Sakamakon irin wannan almubazzaranci shi ne, ba a iya nuna mutane fiye da 20 a allo a lokaci ɗaya. Ku duba fa, jama'a. Wasan da aka gina domin taro, ga shi an hana shi taro saboda tukwane. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Abin da Yoshida ya yi ba a saba ganinsa ba. Ya ci gaba da yi wa tsohon wasan faci, a gefe kuma ana gina sabo daga tushe. A Nuwamba na 2012 aka rufe tsohuwar duniyar, cikin labarin ma aka sa wani jan wata ya faɗo mata. A Agusta na 2013 aka buɗe sabuwa, wadda aka rage wa ado da gangan domin ta yi tafiya a injuna masu matsakaicin ƙarfi, aka cika ta da ayyuka da labari. Wannan ta karɓu, har ta shiga sahun gaba cikin irinta a duniya.

Ba hoto kaɗai ke cin rabon labari ba, murya ma tana ci. A Morrowind, wanda kamfanin Bethesda na Amurka ya fitar a 2002, yawancin zance a rubuce yake, don haka marubuci na iya ƙara shafi goma ba tare da an biya kowa ba sai shi. A Oblivion na 2006 aka sa ko wace magana ta fito da murya, sai zance ya gajarta, kuma 'yan wasan kwaikwayo kaɗan suka yi wa ɗaruruwan mutane murya, har mai wasa yakan ji baki ɗaya a fuskoki dabam dabam. A Fallout 4 na 2015 aka ba jarumin kansa murya, amsoshin da mai wasa ke zaɓa suka tsaya a huɗu. Alhali kuwa Fallout: New Vegas na 2010, wanda kamfanin Obsidian ya gina cikin wata 18 da tsohon injin zane na aro, ya zuba ƙarfinsa cikin zance mai layi wajen 65,000 da hanyoyi masu rassa. Ya fito da kurakurai da yawa saboda gaggawa, amma har yanzu ana yabon labarinsa.

Wani darasin ya zo daga ƙasar Folan. A Disamba na 2020 kamfanin CD Projekt ya fitar da Cyberpunk 2077, mai birni na gani na faɗa. A kwamfuta mai ƙarfi ya yi kyau, amma a injunan PlayStation 4 da Xbox One, waɗanda aka ƙera tun 2013, sai ya riƙa sarƙewa yana mutuwa. Sony ya cire shi daga kantinsa, aka mayar wa mutane kuɗinsu, bai koma ba sai Yuni na 2021. Kafin fitowarsa kuma an sa ma'aikata aikin kwana shida a mako. Ashe idan aka zarce mudu, ba injin kaɗai ke nishi ba, har da bayin Allah da ke bayansa. An gyara wasan daga baya, amma sai da aka ƙara shekaru ana aiki.

A ɗaya gefen kuma, ga Toby Fox, wani saurayi Ba'amurke da ya nemi gudunmawa wajen jama'a ya sami dala dubu 51 da 'yan kai, ya fitar da Undertale a 2015 kusan shi kaɗai. Hotunansa kamar na zamanin Famicom suke, amma ya ba mai wasa damar gama labarin ba tare da ya kashe kowa ba, aka sayi fiye da kwafi miliyan guda.

Kada mai sauraro ya ɗauka cewa ado laifi ne. A 2023 kamfanin Larian na ƙasar Beljiyam ya fitar da Baldur's Gate 3, wanda ya kashe ɗimbin dukiya wajen ɗaukar motsin 'yan wasan kwaikwayo na gaske, har kamfanin ya ce fitowar da aka tsara kamar ta silima ta kai awa 174. Amma inda aka zuba adon shi ne fuskokin abokan tafiyar jarumi, domin wasan na zance ne, kuma a fuska ake karanta gaskiya da ƙarya. Kuma tun Oktoba na 2020 aka saki kashin farko ga jama'a suna gwadawa suna faɗin aibinsa, kusan shekara uku kafin a kammala. Bambancinsa da tukunyar fure shi ne, a nan adon yana yi wa wasan aiki.

Injiniyoyi suna da dubarun tsimi iri iri. Sukan yi wa abu ɗaya siffa uku ko huɗu, mai laushi in yana kusa, mai kaushi in ya yi nisa, injin ya riƙa musanya su ba a lura ba. Abin da ke bayan bango ko bayan mai wasa ba a zana shi sam. Itace ɗaya akan juya shi, a rage masa tsawo, ya zama kurmi. Masu hankali kuma sukan fara gina wasan da akwatuna marasa launi, su buga shi haka nan, in ya yi daɗi sa'an nan a kira masu zane. Gama in an yi ado tukuna, rushe shi yana da ciwo, sai a bar kuskure ya zauna don ƙyashin asara.

Wannan magana ta shafi aljihun mai saye ma. Baldur's Gate 3 yana neman wurin gigabait 150 a kwamfuta. Wanda ke sayen data da awo, ko a Kumasi yake ko a Garwa ko a Injamena, ya san abin da wannan adadi ke nufi, kuma duk ƙarin ado da aka yi yana rufe ƙofa ga masu tsohon inji. Saboda haka in ɗayanku ya tashi sayen wasa, kada hoton talla ya ruɗe shi, ya tambayi abin da ake yi a ciki da irin injin da yake bukata. In kuwa cikin samarinmu akwai mai sha'awar shiga wannan sana'a, to, duk sa'ad da zai ƙara wani ado, ya tambayi kansa abin da zai rage domin ya biya shi, da kuma ko mai wasa zai tsaya ya duba. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Nan za mu dakata a yau. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.