ƘUGIN AMPILI: INDA CIWON YAKE DA YADDA AKE MAGANINSA

A Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, da wuya a sami unguwar da ba ta da ampili, wato na'urar ƙara ƙarfin murya. Da ita ladan ke kiran salla, da ita ake wa'azi, da ita ake biki. Da yawa daga cikin waɗannan na'urori masu gyaran rediyo ne ke harhaɗa su da hannunsu, abin da ya cancanci yabo, domin yana rage tsada kuma yana koya wa samari sana'a. Sai dai ciwo uku na yawan addabar irin wannan ampili: ƙugi, da zafin da ke ƙone taranzisto, da matsalar kuran. Kowanne yana da dalili, kuma wanda ya san dalilin ba ya ɓarnar kuɗin jama'a wajen canje-canjen kaya a makance.

Kuran shi ne tushe

Kuran da ke shiga gidaje a Nijar bolt 220 ne, yana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa. Ampili kuwa kuran mai tafiya hanya guda yake buƙata. Saboda haka transifo ke rage ƙarfinsa, diyod huɗu su miƙar da shi, sannan babban kondansatar ya tara shi kamar yadda randa ke tara ruwa.

A nan ne kuskuren farko ke faruwa. Transifon da aka rubuta wa bolt 24, bayan an miƙar da kuransa, yakan ba da kusan bolt 33, domin ana ninka adadin da 1,41 a cire ɗan abin da diyod suka ci. Idan kuran gari ya hau da kashi 10 cikin 100, ko injin gurup ya yi ruri, sai ya kai bolt 36. Kondansatar mai bolt 35 ba zai jure ba: ya kumbura, ya tsiyaye, wani lokaci ya fashe. Mai bolt 50 ya dace da wurin. Haka nan ƴar na'urar TDA2030, wadda ake yawan sa wa ƙananan ampili, iyakarta bolt 18 a kowane ɓangare. Wanda ya ƙetare wannan iyaka ya sallama ta.

Zafi ma abokin gaba ne. Duk ƙarin digiri 10 na rage rayuwar kondansatar da kusan rabi. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a inuwa, akwatin da aka rufe ba kafar iska, aka ajiye ƙarƙashin rufin kwano, tanderu ne. Kondansatar mai lambar digiri 105 ya fi mai 85 daɗewa.

Ƙugi iri biyu ne

Kunnen gwani na rarrabe su. Akwai mai kauri, mai bugawa sau 50 a daƙiƙa, akwai kuma mai ɗan tsini, mai bugawa sau 100. Na biyun yawanci daga kondansatar yake, ko ya bushe ko ya yi ƙanƙanta. Lissafin a fili yake: idan ampili na jan amfer 1, kondansatar mai mikrofarad 4700 zai bar rawar kusan bolt 2 a kan kuran, mai 10000 kuma bolt 1 kawai. Na farkon kuwa yakan shigo ta transifon da aka dasa dab da wayoyin shigar murya, ko ta wayar makirfo marar sulke. Mutuwar diyod guda cikin huɗun ma na kawo shi, domin rabin kuran ne kaɗai ke wucewa.

Hanyar bincike ba ta da wuya. Da farko a cire duk abin da aka jona, a haɗe bakin shigar murya da mas, wato layin da dukan kuran ke komawa ta cikinsa. Idan ƙugin ya ɗauke, daga waje yake zuwa. Idan yana ƙaruwa da murɗa maɓallin ƙara, to ya shigo ne kafin maɓallin. Idan kuwa bai damu da maɓallin ba, a nufi ɓangaren kuran.

Akwai kuma ƙugin da maƙerin ampilin ke jawowa da kansa, idan ya ɗaura wayoyin mas nan da can a jikin akwati. Kuran mai ƙarfi da ke cika kondansatar sai ya bi hanya ɗaya da ƴar siginar makirfo, ya gurɓata ta. Maganin shi ne dukan wayoyin mas su haɗu a wuri guda, kusa da manyan kondansatar.

Kuran jira

Taranziston 2N3055, wanda kamfanin RCA na Amurka ya fitar a farkon shekarun 1960, ya daɗe yana aiki a irin wannan ampili. Biyu ake sawa, ɗaya na turawa ɗaya na jawowa. Kowanne ba ya buɗewa sai ya sami kusan bolt 0,6, don haka ake barin ɗan kuran na gudana a cikinsu ko da babu mai magana. Shi ne kuran jira. Idan ya yi kaɗan, murya na fitowa da kaushi, musamman in an yi ƙasa da ita. Idan ya yi yawa, zafi ya tashi. Haɗarin shi ne duk digiri guda na zafi na rage abin da taranzisto ke buƙata da kusan milibolt 2, sai ya ƙara jan kuran, ya ƙara zafi, har ya ƙone cikin ƴan mintoci.

Ana auna shi a kan ƴar rezistans da ke ƙafar fitar kuran ta taranziston. Idan mai om 0,33 ce, milibolt 10 na nufin miliamfer 30. Ana awon ba tare da lasifika ba, a jira minti 20 a sake dubawa. In adadin na ta hawa bai tsaya ba, a tabbata ƙaramin taranziston da ke kula da zafi yana manne da farantin sanyaya. Jikin 2N3055 kansa na ɗauke da kuran, dole ne a raba shi da farantin da fallen mika. A kuma kiyayi jabu, waɗanda suka yawaita a kasuwa. Araha ba ta ado.

Yawan lasifika ma na kashe ampili. Biyu masu om 8 a jone kafaɗa da kafaɗa sun zama om 4, huɗu kuwa om 2, nauyin da ƙaramin ampili ba ya ɗauka. Kwamitocin masallatai su lura da wannan kafin su ƙara ƙaho a kan hasumiya.

Rai ya fi kaya

Ampili sabon haɗi ana fara kunna shi ne ta cikin ƙwan lantarki mai zare, na wat 60, a jere da shi. In ƙwan ya haska ya dushe, lafiya. In ya ci gaba da haske sosai, akwai gajeriyar hanya a ciki, a kashe nan take. Kafin a jona lasifika a ampili mai kuran ɓangare biyu, a auna bakin fita: ya kasance dab da sifiri.

Kondansatar na riƙe kuran bayan an kashe na'ura, kuma a tsohon ampili mai kwalabe yakan kai bolt 400, abin da ke iya kisa. A sauke shi ta rezistans kafin a sa hannu. Kada a maye fiyus da waya, kada kuma a cire wayar ƙasa don kashe ƙugi, domin akwatin ƙarfe na iya ɗaukar kuran ya kai shi ga makirfon da ke bakin liman. Ya kamata iyayen gidan sana'a su koya wa almajiransu awo kafin su miƙa musu ƙarfen dalma.