Rama da Wiwin Masana'antu a Abincin Dabbobi

Duk wanda ya ratsa ƙasar Bebeji da Kiru a tsakiyar bazara, lokacin da harawa ta ƙare a rumbu, farashin dusa da angurya ya gagari talaka, shanun da ke gangarowa daga dajin Falgore kuma suka rame, alhali ga ruwan madatsar Tiga da aka kammala a 1974 zamanin Audu Bako yana kwance, lalle zai fahimci dalilin da ya sa masana ke bahasi a kan wiwin masana'antu a matsayin abincin dabbobi. Irin nan sinadarinsa mai sa maye ƙalilan ne ainun, shi ya sa Amurka ta halatta nomansa a 2018, kuma tunkuzar 'ya'yansa tana gina jikin dabba kamar ta gyaɗa. Amma dokar Nijeriya ba ta bambanta shi da tabar wiwi ba, shubuhar kuwa ba ƙarama ba ce.

A ganina maslaha tana ga rama, wadda kakanninmu suka daɗe suna shukawa a gefen gona, suna tufka igiya da ɓawonta, suna kwaɗa ganyenta. Ganyen nan kuwa, in an yanke shi da ƙuruciyarsa aka shanya a inuwa, tumaki da awaki suna cinsa da rani, babu hukumar da za ta tuhumi manomi.