Yadda Littattafan Soyayya Suka Koya Mini Turanci

 Yau dai asirina zan tona da kaina, don ni ɗin nan da kuke karanta littattafaina sau biyu ina faɗuwa Turanci, na farko a WAEC, na biyu a NECO. Sauran darussan duk na ci, har da lissafin da ake jin tsoro, amma ba kiredit a Turanci ba maganar wucewa gaba. Ina ji ina gani ƙawayena suka tafi makarantar koyon jinya, ni kuwa aka bar ni da wanke-wanke. Mahaifina ya ce in na sake faɗuwa a karo na uku to shi kenan, in fito da miji. Ba auren nake gudu ba, Allah Ya sani, so nake in shiga ɗakina da takarda a hannu.

Wata rana ina kakkaɓe ɗakin Yayana sai na ci karo da wani kwali cike da tsofaffin littattafai, irin jerin nan na Pacesetters da kamfanin Macmillan ya fara fitarwa a 1977. Na farkon da na ɗauka shi ne The Undesirable Element na Mohammed Sule, ɗan Kano, wanda ya fara rubuta shi tun yana ɗan sakandare. Na ce kai, yaro ɗan garinmu ya rubuta, ni kuwa karantawa ma ta gagare ni? Sai na zauna da shi bayan la'asar. Kwana tara na yi kafin in gama ɗan siririn littafin nan. Daga shi sai Evbu My Love na Helen Ovbiagele, shi kam kwana uku, don son in ji yadda za ta ƙare da masoyin ya hana ni barci.

Da farko kowace kalma sai na buɗe ƙamus, sai labarin ya salance mini. Daga baya na canza dabara: in ja wa kalmar layi da fensir in wuce, in ta sake dawowa har sau uku sannan in nemo ta a ƙamus na Oxford in rubuta a bayan littafin da nake rubuta awon ɗinki. Kuma ba kalmar kaɗai nake kwafa ba, har jimlar da ta zo a ciki.

A nan ne na gane abin da shekara shida a aji ba ta fahimtar da ni ba. Mu a Hausa lokaci yana jikin wakilin suna ne: na dafa, ina dafawa, zan dafa. Shi kuwa Bature aikatau ɗin kansa yake juyawa, go ya koma went, ya koma gone. Da yake labari kusan duk a kan abin da ya wuce ake ba da shi, sai na yi ta cin karo da su shafi bayan shafi har suka zauna mini ba tare da hadda ba. Haka nan na gano yawancin kurakuraina Hausa ce nake sa wa rigar Turanci. Mu "aro" ɗaya gare mu, ko ka bayar ko ka karɓa, su kuwa lend daban, borrow daban. Mu muna jin magana, mu ji ƙamshi, mu ji ciwo, duk da "ji" ɗaya, su kowanne da kalmarsa. Ashe shekara da shekaru ina cewa "I am hearing smell" ana yi mini dariya a ɓoye, ba wadda ta taɓa gyara mini, har da waɗanda nake kira aminai.

Da daddare kuma Yaya ya koya mini Scrabble. Haruffa 100 ne a jaka, kowa ya ɗebi bakwai ya haɗa kalma, in ka zubar da bakwai ɗin a tashi ɗaya a ƙara maka maki 50. Shi ya ba ni labarin Wellington Jighere, ɗan Nijeriya da ya zama zakaran duniya a wasan a 2015 a Ostireliya. Wasan nan ya gyara mini rubutun kalmomi ƙwarai, musamman rikicin p da f da ke damun mu Hausawa, don in ka saka harafi ɗaya ba daidai ba Yaya ba ya yafewa, ƙamus zai buɗe maka a gaban kowa. Sai dai kada in yaudare ku, Scrabble ba ya koyar da haɗa jimla. Wannan sai karatu, sai kuma sauraro. Ina girki ina jin Focus on Africa na BBC, rabi in gane rabi ya wuce ni.

Inna ba ta so abin ba da farko. Takan ce, "Ke dai kullum kanki a cikin littafin masoya, wannan ne karatun?" Ban iya ba ta amsa ba sai ranar da aka kawo wa ƙanena magani daga asibiti na karanta mata takardar cikin kwalin tiryan-tiryan, na ce bayan cin abinci ake sha, sau biyu a rana. Ta dube ni ta yi shiru, washegari da kanta ta ce in bar wankin in je in yi karatuna.

A zama na uku na samu C6. Ba wani abin a buga ganga ba ne, amma kiredit ne, kuma da shi na cike takardar neman makaranta. Kwalin Yaya yanzu yana gidan maƙwabtanmu, wurin wata yarinya da za ta zauna jarrabawa bana, ta riga ta cinye guda huɗu.