Oja: Sarewar Itace Mai Magana a Ƙasar Ibo

Oja wata 'yar gajeriyar sarewa ce ta itace da al'ummar Ibo na kudu maso gabashin Nijeriya suke sassaƙawa da hannu, wadda tsawonta bai cika wuce taƙi ɗaya ba, amma sautinta yana da kaifin da yake ratsa ƙarar ganguna da hayaniyar taro ya isa kunnen wanda ake nufi da shi. Tana cikin jinsin sarewar da ake busawa ta kai, wato wadda mabushi yake ɗora leɓensa a bakinta na sama yana hura iska a kan gefen ramin, saɓanin wadda ake riƙewa a gicciye ana busa ta wani rami da ke jikinta. Sarewar makiyaya da aka sani a ƙasar Hausa ita ma daga jinsin da ake busawa ta kai take, sai dai ta fi oja tsawo da sanyin murya, kuma aikinta ya fi karkata ga ɗebe kewa a bayan shanu.

Masassaƙi yana zaɓen guntun itace mai tauri wanda ya bushe sarai, ya fere shi, ya bar masa ɗan tudu a kusa da kai, sannan ya huda rami ɗaya daga sama har ƙasa, ya kuma huda wani a gicciye ta cikin tudun, ta yadda ramukan biyu za su haɗu a tsakiya. Da haka sarewar take samun kafofin yatsa uku kacal, biyu a gefe da gefe, waɗanda babban yatsa da manuniya na hannu ɗaya suke toshewa, ɗaya kuma a gindi, wadda yatsan ɗaya hannun yake kula da ita. Bakin na sama ana yanke shi ne da ɗan lanƙwasa domin ya zauna daidai a ƙarƙashin leɓe, kuma a nan gwanintar masassaƙi take bayyana, domin babu wani abu mai kaɗawa a cikin oja irin wanda ke bakin algaita. Iskar da aka hura ce take tsagewa biyu a kan kaifin gefen, ta girgiza iskar da ke cikin ramin, sauti ya fito. Idan gefen ya dakushe ko ya karkace, sai a yi ta hurawa ba a ji komai sai huci. Da yake ba da ma'aunin masana'anta ake yin ta ba, da wuya a sami oja biyu masu murya ɗaya.

Mai kallo zai iya ɗauka cewa kafofi uku sun yi kaɗan, kuma gaskiya ne cewa sautukan da oja take bayarwa ba su da yawa, to amma an ƙera ta ne domin magana fiye da waƙa. Harshen Ibo, kamar Hausa, yana da karin sauti, wato hawa da saukar murya a kan gaɓoɓin kalma wanda yake iya sauya ma'anarta, kamar yadda kalmar akwa take nufin kuka, ko tufa, ko ƙwai, ko gado, gwargwadon inda muryar ta hau ko ta sauka. Mabushin, wanda ake kira ogbu oja, yana bin wannan kari ne da tsawon gaɓoɓi, yana toshe kafa gaba ɗaya ko rabi, yana ƙara ƙarfin numfashi ko rage shi, har ya fitar da sunan mutum da kirarinsa. Wannan shi ne abin da makaɗin kalangu yake yi idan ya kaɗa wa wani takensa, kuma sharaɗin duka biyun ɗaya ne: sai mai sauraro ya riga ya san kirarin kafin ya gane shi a bakin itace ko a fatar ganga.

Saboda haka ne ake ganin ogbu oja a duk inda ake bukatar zuga. A fagen kokawa yana kiran ɗan wasa da sunan ubansa da na garinsu har tsikar jikinsa ta tashi. A bikin sabuwar doya da bikin Ofala na sarkin Onica yana yi wa manya kirari. A naɗin sarautar ozo da jana'izar dattijo mai muƙami yana ambaton ayyukan da mutum ya yi. Inda matsayinsa ya fi nauyi shi ne wajen fitar dodanni, waɗanda ake kira mmanwu, da al'ada ta ɗauke su a matsayin kakannin da suka dawo ziyara. Mabushin yana tafe kusa da dodon yana yi masa kirari, yana nuna masa lokacin taka rawa da lokacin tsayawa, yayin da ganguna da ogene, ƙarfen da ya yi kama da kuge, suke riƙe da amo. Mafi girman waɗannan dodanni shi ne Ijele na jihar Anambra, mai tsawon kimanin mita huɗu, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun gado na duniya a shekarar 2009.

Girman aikin bai hana a yi wa mai shi kallon raini a wasu lokuta ba, abin da ba baƙo ba ne ga wanda ya san matsayin maroƙi a ƙasar Hausa. A littafin Things Fall Apart na Chinua Achebe, wanda ya fito a 1958, Unoka, mahaifin jarumin littafin Okonkwo, gwanin sarewa ne da bashi ya yi wa katutu, kuma ɗansa ya tashi yana jin kunyarsa, a cikin al'ummar da take auna namiji da yawan doyarsa da muƙaman da ya samu.

Yaɗuwar addinin Kirista da ƙaura zuwa birane sun rage fagagen da ake busa oja, musamman da yake wasu sun danganta ta da dodanni da bautar gargajiya, sai ga shi a 2023 mawaƙi Kcee ya fitar da waƙar Ojapiano, inda ya haɗa busar wani matashi da ake kira Ojazzy da kiɗan amapiano na Afirka ta Kudu, waƙar ta karaɗe gidajen biki da shafukan intanet. Abin da ya bi oja zuwa wannan sabon fage shi ne kaifin muryarta, amma a ɗakin ɗaukar waƙa dole ne a daidaita ta da sautin kwamfuta, kuma mafi yawan masu rawa da ita a Legas ko Landan ba sa jin kirarin da take yi, balle su san wanda take kira.