Wanda yaƙi ya katse wa shan maganin tarin fuka, ya fara da gwajin kaki

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, musamman bayan faɗuwar Wad Madani a Disambar shekarar, 'yan'uwanmu Hausawa na ƙauyukan Jazira da gaɓar Shuɗin Nilu, har zuwa Maiwurno da Damazin, sun sha gudun hijira. Cikinsu akwai masu tarin fuka da tafiya ta raba da maganinsu. Maganin na wata 6 ne, kullum ba fashi. Da yawa suna ganin in hankali ya kwanta sai kawai su ɗora daga inda suka tsaya. A nan haɗarin yake.

Rifamfisin, jigon magungunan, yana kashe ƙwayar cutar ne ta hanyar maƙale wa wani sinadari da take karanta umarnin halittarta da shi, kamar mabuɗi a cikin kwaɗo. A cikin miliyoyin ƙwayoyin da ke huhu, akan samu ƙalilan da rubutun gadonsu ya sauya a wani gurbi mai suna rpoB, sai mabuɗin ya daina shiga. Idan ana shan magani ana tsallakewa, ko wasu magungunan suka ƙare aka ci gaba da sauran, masu rauni su mutu, waɗannan su yaɗu. Isoniyazid ma haka, nasa sauyin galibi a katG ko inhA yake. Wanda ƙwayarsa ta bijire wa biyun, maganin farko ba zai warkar da shi ba, kuma irinta zai shafa wa iyalinsa da na kusa da shi a sahu, ko da ba su taɓa shan magani ba.

Madubin likita yana ganin ƙwayar, amma bai san mai taurin kai ba. Shuka ta a ɗakin gwaji kuwa makonni take ci. Shi ya sa a 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da na'urar GeneXpert. Ana zuba kaki a ɗan kwanso, na'urar ta ninka rubutun gadon ƙwayar, ta duba harufa 81 na rpoB, inda kusan kashi 95 cikin ɗari na bijirewar rifamfisin suke. Cikin awa 2 sakamako ya fito. Sai dai wannan gwajin rifamfisin kaɗai yake gani. Isoniyazid sai an ƙara wani.

Ko sakamako ya nuna bijirewa, kada a yanke ƙauna. A da sai an yi wata 18 ko fiye, da allurai masu iya kurmantar da mutum. Tun 2022 Hukumar ta ba da shawarar haɗin ƙwayoyi na wata 6, babu allura.

Don haka wanda ya koma gida, ya faɗa wa ma'aikacin lafiya gaskiyar watannin da ya sha da lokacin da ya daina, ya kai katinsa in bai ɓata a hanya ba, ya nemi a aika kakinsa inda na'urar take kafin ya sake haɗiyar ko ƙwaya ɗaya.