Tafkin Kadojin Paga Na Bukatar Yasa

A garin Paga, bakin iyakar Gana da Burkina Faso, kimanin kilomita 40 arewa da Bolgatanga, akwai tafkin da kadoji ke zaune lafiya da mutane. Kasenawan garin sun gaji haramcin kashe kada ko cin namansa tun kaka da kakanni. Baƙo kan sayi kaza a ba kada, ya fito kan gaɓa, har mai ƙarfin hali ya riƙe masa wutsiya.

To, amma al'ada ba ta hana laka cike tafki. Da rani ruwa kan ja baya, dabbobi su tattake gaɓa, damina ta kwaso ƙasa ta zuba ciki. 'Yan'uwa mazauna zango masu shayar da shanu a nan, ran da aka kira gayyar yasa, a fito da shebur da kwando.