Yadda Kwamfuta Ke Kwaikwayon Rabuwar Ruwa da Tururi

Duk wanda ya taɓa buɗe tukunya tana tafasa ya ga ɗige-ɗigen ruwa a jikin murfi. Tururi ne ya taɓa wuri mai sanyi ya koma ruwa. Abin tambaya shi ne, ta yaya ɗigon farko ke haɗuwa? Ido ba ya iya ganin haka, domin ƙwayoyin da ke cikin ɗigo ɗaya tak sun zarce adadin lamba 1 mai sifiri 21 a bayanta, kuma kai-komonsu ya fi ƙiftawar ido sauri nesa ba kusa ba. Wannan ne ya sa masana suka koma ga kwaikwayon al'amarin a kwamfuta.

Tun a 1873 wani masani ɗan ƙasar Holan, Johannes van der Waals, ya bayyana cewa ruwa da tururi abu ɗaya ne cikin hali biyu. Ƙwayoyin suna jawo juna idan akwai 'yar tazara tsakaninsu, suna kuma ture juna idan sun matsu. Zafi kuwa warwatsa su yake yi. Idan jan ya rinjaya sai a sami ruwa, idan zafi ya rinjaya sai a sami tururi.

Waɗannan ƙa'idoji ake ba kwamfuta, tare da dokokin motsi na Newton. Akan ƙaddara wani akwati, a zuba masa dubban ƙwayoyi, a ba kowace matsayi da gudu. Sai kwamfuta ta lissafa ƙarfin da ke kan kowace ƙwaya, ta gusa da ita kaɗan, ta sake lissafi. Taki ɗaya yakan yi daidai da kimanin kashi ɗaya cikin miliyan sau biliyan na sakan, don haka sai an maimaita shi sau miliyoyi. Alder da Wainwright ne suka share fagen wannan hanya a Amurka a 1957. A 1964 Aneesur Rahman, haifaffen Indiya, ya kwaikwayi ƙwayoyi 864 na sinadarin agon a halin ruwa-ruwa, sa'an nan a 1971 shi da Stillinger suka kwaikwayi ƙwayoyin ruwa 216.

Idan aka rage zafin akwatin da ke cike da tururi, ba wanda ke umurtar ƙwayoyin su taru, amma sai a ga ƙananan gungu suna ɓullowa nan da can. Akasarinsu wargajewa suke yi nan take. Dalili kuwa shi ne, a ƙaramin gungu yawancin ƙwayoyin a gefe suke, maƙwabtan da ke riƙe su kaɗan ne, saboda haka tserewa ba ta yi musu wuya. Sai gungu ya yi sa'ar wuce wani girma sannan yake ɗorewa, ya riƙa janyo na kusa, har akwatin ya rabu biyu: ɗigo a gefe guda, tururi kewaye da shi. Ko a lokacin ma ƙwayoyi ba su daina fita da shiga ba, sai dai masu fita sun yi daidai da masu shiga. Idan kuwa zafi ya zarce wani mataki, wanda ga ruwa shi ne digiri 374 na ma'aunin Salshiyas, iyakar da ke tsakanin ruwa da tururi takan ɓace gaba ɗaya.

Wannan sani yana da amfani ƙwarai. Wuyar haɗuwar ɗigon farko ce ta sa girgije ke bukatar ƙura, ko hayaƙi, ko gishirin teku, wanda tururi zai taru a kansa kafin a yi zancen ruwan sama. A fannin lafiya kuma, William Wells ya nuna a 1934 cewa ƙananan ɗige-ɗigen tari kan bushe kafin su kai ƙasa, su bar ƙwayoyin cuta irin na tarin fuka suna yawo a iska. Busasshiyar iska irin ta hunturu tana gaggauta wannan bushewa. Shi ya sa likitoci ke nanata rufe baki yayin tari da buɗe tagogin azuzuwa.